Doyar Direban Jirgi

A da, mazaunin Kafanchan ba ya buƙatar agogo. Jirgin Fatakwal ya yi busa, mata su ɗora tukunya. Na Jos ya shigo, 'yan makaranta su fara harhaɗa littattafai. Tasha kuwa kasuwa ce ta biyu, ga masu rake, ga masu lemo, ga masu dafaffen ƙwai, Ibo da Yarabawa da Tibi da mu 'yan ƙasa, kowa da yarensa, amma da Hausa ake ciniki. Yanzu awaki ke kiwo a tsakanin layuka, kuma a kan dakalin da fasinja ke jira ake shanya citta. In jirgi ya yi kuskure ya shigo, yara kan fito kallo kamar an kawo wasan kura.

Na fara da tasha ne saboda mutumin da muka binne makon jiya a ƙauyenmu na wajen Kagoma. Mijin yayata ne. Ni Suruki nake ce masa, shi kuma Alhajin citta yake ce mini, tun kafin in je Makka. Shi Kirista ne, dattijon majami'a. Ni kuwa fataucin citta ya kawo ni gari tun ina saurayi, na musulunta, na yi aure cikin mutanen kasuwa. Tukunya ɗaya muka ci gaba da ci, sai dai in an yanka abin da ba na ci, Yaya ta dafa mini kaza daban, shi kuma ya yi ta mita wai addinina yana ƙarar masa da kaji.

Ranar biso gidan ya cika. Matan zumuntar majami'a da ɗaurin zanensu iri ɗaya suka yi ta waƙa da ƙwarya da tulu. Abokan kasuwancina kaɗan suka biyo ni daga gari, suka zauna a gindin mangwaro can gefe, ana kai musu ruwa, kowa na gaida kowa da irin ladabin da muka koya tun bayan rikicin addini na shekarar tamanin da bakwai, ladabin da ya yi yawa. Fasto ya yi wa'azi mai tsawo, ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, mai baiko, wanda ba ya fashin sujada. Duk gaskiya ne, amma za a iya faɗinsa a kan rabin tsofaffin da ke wurin. Yaya ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana amsa gaisuwa, sai da na durƙusa kusa da ita ta ce da yarenmu, "Bai tsaya ya ga doyar bana ba."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hirar wasu samari da na jiyo a bayan rumfa. Ɗaya ya ce, "Wanne ne ma ya mutu?" Ɗayan ya ce, "Baban nan mana, mai ba jirgi doya. Kai, tsohon nan ya sha wahala da kansa." Suka yi dariya. Ban ji haushinsu ba, don ba su sani ba. Amma ba na so abin da zai rage daga Suruki ya zama dariyar bayan rumfa.

Bai taɓa aikin reluwe ba, manomi ne, doya da dawa da acca. Sai dai layin dogo ya ratsa ta ƙarshen gonarsa, a wata kwana mai hawa inda dole jirgi ya rage gudu, kuma a nan ya yi karatunsa. Yana sunkuye da fartanya zai gaya maka ko jirgin kaya ne ke zuwa ko na fasinja, ko kwal ya ɗauko ko shanu, ko direban sabo ne. "Wannan bai san hawa ba," zai ce, "ji yadda yana shaƙe injin." Lokacin da aka kawo injuna masu shan gas aka ajiye masu kwal, ya yi wata guda yana fushi. Ya ce na da numfashi yake kamar mutum, wannan kuwa gurnani kawai.

Ni na yi yawo. Na hau jirgi daga Kumasi zuwa bakin teku, na hau na Kamaru da ke tashi daga Gaundare, na hau wanda ke tafiya daga Abijan zuwa Wagadugu, inda ake duba tikiti da Faransanci ana sayar da koko da Hausa. Duk dawowata, kafin ya tambayi lafiyar hanya, sai ya zaunar da ni. Faɗin layinsu ɗaya da namu? Tarago nawa injin ke ja? Yaya busarsu take? In na ce ban lura ba, barci na yi, sai ya riƙe baki. "Allah ya ba ka jirgi har ƙasar Faransa, ka je ka yi munshari a ciki. Alhaji, kai buhun citta ne, ɗora ka kawai ake yi a sauke."

Ga asalin doyar. Zamanin Turawa, da damina, Yaya tana naƙudar fari, abin ya ƙi. Rafi ya cika, babu hanyar mota, babu babur a lokacin. Tsofaffin mata sun yi iyakar abin da suka sani. Suruki ya sa aka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki aka kai bakin layi, ya cire jan bargonsa ya tsaya a tsakiyar ƙarfe yana kaɗawa. Jirgin kwal ne ya taso. Ba tasha ba ce, ba a ba direba izinin tsayawa a nan ba, amma ya tsaya. Suka sa ta a taragon mai gadi na baya, suka kai ta Kafanchan, aka yi mata fiɗa a asibiti. Ta rayu, ɗan ya rayu. Shi ne ɗan farinsu da ke aikin koyarwa a Kaduna yau, wanda ya karɓi gaisuwa ranar biso da furfura a kansa. Suruki bai san sunan direban ba. Abin da ya riƙe kawai, Ibo ne, gajere, mai wushirya. Shekarar da Ibo suka kwashe suka koma gida, shi ma ya tafi, ba a sake ganinsa a layin ba.

A al'adarmu ba a cin sabuwar doya sai maigida ya fitar da ta farko ya ba wanda ya cancanta, sannan ya ɗanɗana, sannan gida ya ci. Kakanninmu dodo suke kai wa. Suruki ya ce tasa ta direba ce, kowane direba, tun da dukansu a kujera ɗaya suke zama. Ya lura yadda ma'aikacin tasha ke miƙa wa direba izinin hanya a cikin wata ƙawanya ta sanda, direba ya zura hannu ya sure ba tare da ya tsaya ba. Sai ya lanƙwasa gora ya yi tasa ƙawanyar. Kowace shekara ya zaɓi doya mafi kyau, ya ɗaure a jiki, ya tsaya a kwanar nan ya ɗaga. Direba ya leƙo, ya sure, ya kwance doya, ya jefo ƙawanya can gaba, ya yi masa busa mai tsawo. In an ji wannan busa a gida, Yaya ta ɗauko turmi.

Wani sabon fasto da aka turo ya taɓa kiransa gaban dattawa a kan haka. Ya ce tsafi ne aka sake wa riga, ana yi wa ƙarfe hadaya. Suruki ya saurara har ya gama, ya ce, "Fasto, baikon kaka ina kawowa ko ba na kawowa?" Aka ce yana kawowa. "To, na Ubangiji daban. Wannan mutum ne yana karɓa, yana kai wa matansa, suna dafawa, suna ci da manja. Wane dodo ne ka sani yana cin doya da manja?" Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Faston ya hana shi jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a majami'a, na wani lokaci, shi kuma bai fasa zuwa sujada ba, bai fasa zuwa bakin layi ba, har aka yi wa faston canji.

Sai jirage suka fara ƙaranci. Na kullum ya koma na mako, na mako ya koma sai an gani. A wata shekara cikin tsakiyar casa'in, doya ta nuna, maƙwabta duk sun fara ci, amma layi shiru. Suruki kullum zai saɓa ƙawanya ya tafi kwanar layin ya zauna a inuwa, ya dawo da yamma. Rumbun dawa ya yi ƙasa, kamar yadda yake yi a wannan lokaci na damina, ga gida cike da jikoki. Yaya ta aiko mini ɗan acaɓa da saƙon baki: in zo in yi magana da surukina, yara suna jin ƙamshin sakwara ta katanga suna kuka, matar ƙaramin ɗansu ta ce za ta kwashe nata ta tafi gidansu.

Na same shi a bakin layi. Ƙarfen ya yi ja da tsatsa, ciyawa ta rufe katakon.

Na ce, "Suruki, jirgi ba zai zo ba. Ka bar yara su ci."

"Wa ya gaya maka? Kai ne mai tasha?"

"To, in shi bai zo ba, mu mu je. Direbobi suna Kafanchan."

Rabonsa da shiga gari tun tamanin da bakwai. Ba a taɓa shi ba, ba a ƙona masa komai ba. Ya dai ce ya gaji da garin da ake jiran jin sunan mutum kafin a san irin gaisuwar da za a yi masa. Ko sunan jikana bai zo ba, ya aiko da akuya. Na ce masa ba kwana za mu yi ba, mu je da hantsi mu dawo kafin magariba, kuma gaba ɗaya a tasha za mu wuni. Ya kalli layin ta kudu, ya kalli ta arewa, ya ce, "Kai za ka biya mashin."

Washegari ya sa rigar sujada da takalmin roba, ya naɗe doyar a buhu, ya rataya ƙawanya a kafaɗa. A kan babur kowa ya gan mu sai ya juyo. Da muka shigo gari ta gefen kasuwa, na ji ya ƙanƙame ɗan acaɓa, yana kallon gaba kawai. Wani abokina mai shagon tireda ya hango mu ya ɗaga murya, "A'a, Baba! Yau wace rana? Sannu da zuwa!" Suruki ya ɗaga masa hannu, bayan mun wuce ya ce, "Wannan ya tsufa." Na ce shi ma haka zai ce.

Muna shiga harabar tasha ya zama wani mutum. Ni da nake kwana ina tashi a garin, shi ya riƙa zagayawa da ni kamar baƙo. Ya nuna mini inda layi ya rabu, wannan Kaduna, wannan Jos har Maiduguri. Ya nuna mini dogon bututun da ake shayar da injin ruwa, wanda yanzu tsuntsaye suka yi sheƙa a bakinsa. Ya kai ni wani babban rami mai gada a tsakiya, inda ake ɗora injin a juya kansa, ya ce mutum biyu kan tura shi da hannu ya juya kamar faifai. Ruwan sama ya cika ramin, kwaɗi na kuka a ciki. Na ga irinsa a Kumasi, na wuce ban tambaya ba. Kowane abu sai ya dafa shi da tafin hannu, ya ɗan tsaya, sannan mu wuce. Tafiyarsa a hankali, yana hutawa a kan katako, ni ma gwiwata ba ta fi tasa ba.

Muka sami wani ma'aikaci a ofis yana gyangyaɗi. Suruki ya gaishe shi da girmamawa, ya tambayi yaushe ake sa ran jirgin kudu.

"Baba, ni ma jira nake. Wataƙila ƙarshen wata, wataƙila bayan damina. Kaya za ka aika? Ka je tashar mota."

"Direba nake nema."

Ma'aikacin ya kalli ƙawanyar, ya kalle ni, ya nuna mana loko da baki, wato rumfar da ake gyaran injuna.

A can injuna ke jere a mace, wasu babu ƙafa, wasu babu gilashi, wani tsohon mai kwal har bishiya ta tsiro ta cikin bututun hayaƙinsa. A gindin wata bishiyar dogon yaro tsofaffi na buga dara. Ban gama sallama ba wani mai tumbi da hular Yarabawa ya miƙe, ya nuna kafaɗar Suruki yana ihu.

"Mai doya! Wallahi mai doya ne! Baba, kai bai mutu ba?"

Mutumin Offa ne, tsohon direba, ya ajiye aiki ya zauna a Kafanchan don a nan 'ya'yansa suka girma. Na gaishe shi da Yarabanci, ya rungume ni, amma hankalinsa na kan Suruki. Ya juya ya yi wa abokansa bayani: a loko, in damina ta yi nisa, har rigima ake yi a kan wa zai ja jirgin kudu, don kowa na son doyar kwanar nan. Shi ya sure ta ba sau ɗaya ba. "Shekara ɗaya ya kusa cire mini kafaɗa, doya kamar ɗan jariri!" Suruki ya yi dariya har haƙoransa da suka rage suka fito. Ya ce, "Kai ne mai shaƙe injin a hawa." Tsofaffin suka fashe, direban ya dafa ƙirji ya ce sharri ne.

Na ce a raina an gama. Direban ya miƙo hannu biyu zai karɓa. Suruki ya ja da baya.

"Ba a ƙasa ba. Direba a sama yake karɓa."

Na ji kunya, na fara ba da haƙuri da Yarabanci. Mutumin ya ɗaga mini hannu. Ya cire hula ya ba wani, ya nufi wani injin gas da ke tsaye a bakin rumfa, ƙafafunsa sun nutse cikin ciyawa. Da ƙyar ya hau, abokai biyu na tura shi ta baya suna yi masa tsiya. Ya zauna a kujerar da soso ya fita, ya leƙo ta taga, ya miƙo hannu a lanƙwashe yadda suke yi.

Suruki ya ɗaure doyar a ƙawanya, ya ɗaga, ya tsaya. Muka tsaya duka. Ina jin a lokacin ne ya tuna cewa wannan jirgin ba zai zo ya same shi ba. Sai ya koma can bayan injin, ya ɗaga ƙawanya sama da hannu biyu, ya taho a hankali ta gefensa, yana tuntuɓe da duwatsun layi, har ya iso saitin taga. Jirgi na tsaye, mutum na wucewa. Direban ya zura hannu ya sure. Ya kwance doyar, ya jefo ƙawanya gaba, ta faɗi cikin ciyawa. Sannan ya kama abin busa ya ja. Babu iska a cikin injin, ko ƙis bai yi ba. Ya sake ja, ya sake, har gumi ya keto masa.

Suruki ya ce, "Bari haka. Na ji."

Babu wanda ya yi dariya a cikin 'yan darar nan. Na je zan ɗauko ƙawanyar, ya ce in bar ta a nan.

Na so ya biya ta gidana ya ci abinci, ya ce gida na jira. Amma ya yarda muka ratsa ta ƙofar, ya tsaya a kan babur aka miƙo masa jikan nan da bai zo sunansa ba, wanda har ya fara gudu. Ya shafa kansa ya ce ya fi kakansa kyau. Muka kama hanya har muka hango bishiyoyin ƙauye. Muka sauka, muna takawa, ya ce, "Alhaji, wancan ba jirgi ba ne. Gaisuwar mutuwa muka je." Ya ɗan yi gaba, ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa yayarka ta ɗauko turmi. Baɗi kuma kada su jira ni."

Da yammar nan an daka sakwara har turmi biyu. Ya ɗanɗana loma ɗaya don gida ya ci, ya wanke hannu, ya zauna yana kallon yara suna wawaso. Yaya ta ce tun daga ranar bai sake zuwa kwanar layin ba, ko da aka yi sa'a wani jirgin kaya ya wuce bayan kaka. Ya ji shi daga tsakar gida, ya ce direban sabo ne, ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanya.

Ya rayu 'yan shekaru bayan haka, yana noma kaɗan, yana zuwa sujada, yana yi mini tsiya in na je. Ciwonsa bai yi tsawo ba. Mutanensa sun roƙa masa hutawa, ni ma ina roƙa wa Yaya da 'ya'yanta haƙuri. Ɗan farin nan ya tambaye ni ranar biso ko gaskiya ne a taragon jirgin kwal aka kai uwarsa asibiti, don shi ya ɗauka labarin tsofaffi ne. Na ce gaskiya ne, ina cikin waɗanda suka ɗauki ƙyauren.

Tun daga waccan shekara, a gidan Suruki ranar da aka tono doya ranar ake cin ta. Ba a jiran busa, kuma babu sauran mai tsayawa a bakin layi.